Gammo da Mashi Biyu

Ina ɗalibi a Kano na koma Rimin Gado hutu, kaina cike da tarihin mulkin mallaka, bakina ya fi kan cika. Lokacin da sauran 'yan Bama a ƙauyukanmu, tsofaffin da Turawa suka ɗiba yaƙin Japan. Ƙanin kakana na cikinsu. Kakinsa na adaka, ba ya fitowa sai ranar 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu, ta matso.

Ran nan ya shanya rigar a ƙofar gida, majalisa a cike. A kafaɗarta akwai ɗan ƙyalle rawaya, mashi biyu a gicciye bisa gammo. Tambarin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ke nan, wadda ta shiga Arakan ta ƙasar Bama a ƙarshen 1944. 'Yan ta 81 gizo-gizo ne nasu. Na bayyana wa jama'a wannan, aka gyaɗa kai. Da na tsaya nan, da an ce yaro ya yi karatu. Ina! Sai na ɗaga murya: "Baba, ai zagi Bature ya liƙa muku. Gammo fa! 'Yan dako ya mai da ku, kuna ta taƙama."

Samari suka yi dariya, na ji daɗi.

Tsoho bai ɓata rai ba. Hula ya cire, ya sunkuyo, ya ce, "Malam, taɓa nan." Na taɓa. Tsakiyar kan ta yi kanta, tauri kamar tafin ƙafar manomi. Ya ce can babu hanyar mota, duwatsu ne da kurmi da koguna. Jirgi ya jefo abinci da harsashi, daga nan kai ne mota. Igwa ma warware ta ake yi a raba wa kawuna, wanda aka harba kuma su ne masu ɗauko shi.

Hannuna na kansa, na rasa yadda zan janye shi. "Malam" ɗin nan ya fi mari zafi. Abin da na karanta ba ƙarya ba ne, Bature bai biya su daidai da farin soja ba. Amma ni ba Bature nake jin haushi ba ranar, so nake majalisa ta san na iya. Ni da damin dawa daga gona ke sa ni kwana ina mita.

Neman gafara ya rage. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai abin da nake nufi ke nan, Baba."

Liman ya dube ni ya ce, "Allah ya shirya."