Albashin nawa ke riƙe mutum ɗaya a Legas?

A wannan mako ba daga bayan kantar magani zan yi muku magana ba, labarin wata tafiya na kawo muku, domin na san a cikinku akwai iyayen da ke da ɗa ko 'ya da ke shirin tafiya aiki wani babban birni.

Autarmu ma'aikaciyar jinya ce. Ta samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Victoria Island da ke Legas, albashi naira 250,000 a wata. Ranar da takardar ta zo, Hajiyarmu har guɗa ta yi. Mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, na Jihar Legas kuma 85,000, to wa zai ji 250,000 bai ce kakarsa ta yanke saƙa ba? Baba ya amince da sharaɗi ɗaya, cewa in raka ta in ga inda za ta kwana da idona. Na ɗauki hutun kwana biyar muka tafi.

Abin da za ka fara lura da shi a Ikko, mai karatu, shi ne ruwa ya raba garin biyu. Manyan ofisoshi da bankuna da yawa suna kan tsibiri, wato Ikoyi da Victoria Island da Lekki, talakan da ke yi musu aiki kuma yana kwana a tudu. Gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990, tana cikin hanyoyin da ke haɗa su. Da asubar fari za ka gan ta cike da motoci, mutane na ta gyangyaɗi a cikin danfo. Ga shi tun watan Yunin 2022 an hana 'yan acaɓa aiki a ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere da Eti-Osa, ballantana ka ce za ka hau babur ka tsallake cunkoso.

Mun fara neman ɗaki a Agege, inda Hausawa suka daɗe da zama. A can ka ji kamar kana gida, ga masallaci a kusa, ga mai fura, ga mai waina, hayar ma da ɗan dama-dama. Sai dai wadda za ta karɓi aiki ƙarfe bakwai na safe a tsibiri, dole ta bar Agege tun kafin a kira assalatu. Jirgin ƙasan jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana bi ta Agege, amma a Oyingbo yake tsayawa, daga nan sai an sake neman mota. Muka koma Obalende, wadda ke bakin wurin aikin, muka tarar da ɗaki kamar akurkin kaji, kuɗinsa kuma kamar na gida guda. Wani mai gida ma da ya ji ba ta da aure, ko ƙofa bai buɗe mana ba.

A rana ta uku dillali ya kai mu wani ɗaki a Bariga, mai kicin da banɗaki a ciki, naira miliyan 1 da dubu 200 a shekara. Auta ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, wannan ya yi, mu kama kafin wani ya riga mu." Na ce ta ba ni daren nan tukuna.

Da daddare na ɗauko biro da takarda. A Legas ba a biyan haya wata-wata, shekara ake biya gaba ɗaya. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana a karɓi fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, amma ko shekarar ba ita kaɗai ba ce. Dillali ya nemi kashi 10 cikin 100, kuɗin rubuta yarjejeniya wani kashi 10, sannan 100,000 na ajiya ko da za a yi ɓarna. Jimilla miliyan 1 da dubu 540 kafin a miƙa mabuɗi, ba katifa, ba tukunya. Albashinta ne na wata shida da 'yan kai, in ba ta ci ba ta sha ba. Ga mai karɓar 70,000 kuwa, albashin wata 22 ne cur.

Sai muka koma lissafin wata. Haya in an raba ta 12, 100,000 ke nan, wanda dole a riƙa warewa don shekara mai zuwa. Kuɗin mota muka sa 3,000 a rana, kwana 22, ya ba da 66,000, domin tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai sake komawa yadda yake ba. Abinci 3,000 a rana, 90,000. Wuta, in layin unguwar na rukunin A ne, kowane yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, muka sa 20,000. Gas da ruwan sha da data da sabulu, 30,000. Magani da asibiti, 15,000. Muka tara ya kama 321,000. Ba mu sa abin da za ta aika wa Hajiya ba, ba kuɗin zuwa gida da Sallah, ba sutura, ba ajiya. Da muka ƙara waɗannan, sai da lissafin ya doshi 400,000. Ka ga a takardarmu, mai albashin 250,000 kowane wata da bashin 71,000 zai kwana, tun kafin ya yi wa kowa alheri.

Abin da ya sa na kawo wannan magana filin lafiya shi ne, na san inda ake cike irin wannan giɓi, domin a gabana ake cike shi kullum. Ba a rage wa mai gida ko sisi, ba a rage wa direba, jiki ake rage wa. Mutum ya zo da takardar likita ta kwana bakwai ya ce in ba shi na kwana biyu, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta in ba a sha shi yadda likita ya rubuta ba, ciwon na iya dawowa. Wani ya ji zazzaɓi ya sayi maganin cizon sauro ba tare da gwaji ba, don ya tsira da kuɗin gwajin. Wani ya fita ba karin kumallo, ya wuni a tsaye, da dare ya watsa ibuprofen ko diclofenac don ciwon jiki, kullum haka, har ya wayi gari da gyambon ciki, wani lokaci ƙoda ma ta taɓu. Mai barcin awa huɗu kullum saboda sammako kuwa, yana buɗe wa hawan jini ƙofa.

Auta tana da asma tun tana ƙarama. Washegari na ce mu koma ɗakin nan da rana. Na duba ƙasan bango na ga fenti ya kumbura, ga baƙin tabon danshi a bayan ƙofa, alamar ruwa na shiga da damina. Danshi da funfuna suna tayar da asma. A ƙarƙashin taga kuma ga janaretan maƙwabci. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Na tambaye ta, in numfashinki ya sarƙe ƙarfe biyu na dare, maganin shaƙa ya ƙare saboda wata ya yi nisa, wa zai buga miki ƙofa? Ta yi shiru, idonta ya cika da ƙwalla, domin ta riga ta sa rai da ɗakin kanta.

Allah Ya kawo mafita ta hannun wata babbar ma'aikaciyar jinya a asibitin, Bayarabiya mai kirki, da ke neman wadda za su raba ciki da falo a Ebute Metta. Rabon Auta 700,000 a shekara, ba kuɗin dillali. Kuɗin mota ya ragu, wuta da gas an raba biyu, girki tukunya ɗaya. Da muka sake lissafi, ta tsira da abin da bai kai 40,000 ba a wata. Ba yawa, amma ba bashi, kuma akwai wanda zai ji motsinta da dare. Na kuma sa ta tambayi ofis batun inshorar lafiya, domin dokar 2022 ta wajabta ta ga kowa, Jihar Legas ma tana da nata shirin mai suna Ilera Eko.

Shawarata gare ka, mai karatu, kafin ka karɓi aiki a Legas ko Abuja ko Fatakwal, ka tambayi kuɗin haya kafin ka yi murnar albashi. In hayar wata ta haura kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga hannunka, ka nemi abokin zama, ba abin kunya ba ne. Ka je ka ga ɗakin da rana, ka tambayi maƙwabta yadda unguwar take da damina. In kana da ciwon da ke buƙatar magani kullum, ka ware kuɗinsa ranar da aka yi albashi.

Ku kuma iyaye, ku sassauta. Da na dawo na shimfiɗa wa Hajiya takardar nan, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a gaya wa Auta kada ta aiko da komai sai ta shekara. Yaro ba zai iya buɗe baki ya ce muku ba ya da shi ba, sai dai ya hana cikinsa ya aiko muku.

Allah Ya ba mu lafiya da wadatar zuci. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.