Zuwa ga Ƙanena a Kumasi, Bayan Rasuwar Alhaji Aminu Ɗantata

Kano,
10 ga Yuli, 2025

Assalamu alaikum, Auta.

Damina ta kankama, ƙafar Hajiyarmu ma da sauƙi, har ta koma zuwa makarantar Islamiyyarta.

Na san labarin rasuwar Alhaji Aminu Ɗantata ya iske ku a Zongo tun ranar da abin ya faru. Allah Ya yi masa cikawa ranar Asabar 28 ga Yuni a Abu Dhabi, yana da shekara 94, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a ta Madina ranar 1 ga Yuli, kamar yadda ya daɗe yana fata. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna makoma. Tun daga ranar, ko'ina ka zauna a garin nan hirar ke nan: yawan dukiyarsa, yawan kyautarsa, naira biliyan ɗaya da rabi da ya bayar lokacin ambaliyar Maiduguri bara, sashen wankin ƙoda da ya gina a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk gaskiya ne. Amma ni wani abu daban ne ya hana ni barci, kuma ya shafe mu, ni da kai da sauran 'yan ɗakinmu.

Kai da kake zaune a Kumasi ka fi ni kusa da tushen arzikin gidan. Mahaifin Alhaji Aminu, Alhassan Ɗantata, Ba'agale ne haifaffen Bebeji, kuma da fataucin goro ya tashi, tsakanin Gwanja da Kano. Yana cikin na farko-farko da suka gane cewa maimakon a kwashe watanni ana jan ayarin jakuna, gara a ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawan kamfani suka shiga neman gyaɗa ido rufe, sai ya juya can, yana ba yaransa kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo. A 1929, kuɗin azurfar da ya kai ajiya bankin Turawa a Kano lodin raƙuma ashirin ne. Lokacin da ya rasu a 1955, ana ɗaukarsa attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

To, attajirai nawa Kano ta yi a wancan zamani? Da yawa. Je ka nemi jikokinsu yau. Wasu gidajen sai dai a nuna maka zaure a ce a nan wane ya yi zamani. Mu da muka tashi a kasuwa mun san yadda abin yake tafiya: ana sadakar arba'in, sai a kira malamai a yi rabon gado, wannan ya ɗauki rumfa, wancan ya ɗauki mota, wani ya ce a ba shi nasa a hannu. Kafin shekara biyar jarin da ya riƙe gida guda ya zama 'yan tsirarun kuɗi a aljihu goma sha, ba wanda ya isa ya saro kaya na kirki.

Ana ba da labarin cewa da ciwon ajali ya kama Alhassan, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bari kamfanin ya rushe, su kuma kula da dangi marasa ƙarfi. Iyaye da yawa sun yi irin wannan wasiyya. Abin da ba a cika samu ba shi ne ɗan da zai ɗauke ta ya riƙe. Aminu yana cikin ƙananan 'ya'yan gidan, an haife shi a 1931. Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka sa shi sayen gyaɗa, daga baya aka tura shi ya kula da harkar kamfanin a Sakkwato. Da yayansa Ahmadu ya rasu a 1960, ragamar ta dawo hannunsa, bai cika talatin ba. Ka lissafa: shekara 65 yana riƙe da ita.

Kuma ba a kan lafiyayyar hanya ya riƙe ta ba. Gyaɗar da ta gina gidan mutuwa ta yi a kan idonsa. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cuta ta bi gonakin gyaɗa a 1975, gwamnati kuma hankalinta ya koma kan man fetur. Dalar gyaɗa ta zama sai a hoto. Wanda ya tsaya jiran ta dawo, ya tsiyace. Shi kuwa tun kafin nan ya riga ya shiga harkar gine-gine, sannan sayar da motoci da kayan masarufi, daga baya man fetur. Da tsufansa ma yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba. A tsakiyar wannan duka ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka: ai ɗan Ɗantata ne, a cikin daula ya buɗe ido, me ya haɗa shi da mu masu rumfa uku a Kantin Kwari? Ban musa ba. Ya tarar da jari, ya tarar da suna, ƙofofin da mu sai mun yi kamun ƙafa shi a buɗe ya same su. Amma gado ba ya riƙe kansa, kuma babban gida ya fi ƙarami saurin tsagewa, saboda ɗakuna sun fi yawa, masu zuga ma sun fi yawa. Dubi Aliko Ɗangote: mahaifiyarsa 'yar Alhaji Sanusi ce, yayan marigayin, kuma a cikin wannan dangin ya koyi ciniki, daga wurin kawunsa ya sami jarin farko. Da gidan ya watse tun 1955, wa zai ba shi?

Wani abu kuma da ya taɓa ni. A ƙarshen 2022, da wasu manyan 'yan siyasa suka kai wa Alhaji Aminu ziyara, ya faɗa musu cewa shi fa ya daina jin daɗin duniya, don a cikin sa'o'insa da ƙyar zai ƙirga goma da suke raye. Mutane suka yi ta mamaki, wai mai wannan dukiya. Ni ban yi mamaki ba. Ka tuna Baba a shekarunsa na ƙarshe, yadda yake zama a ƙofar gida bayan la'asar ba abokin hira, sai jikoki? Watanni kaɗan bayan wannan magana matarsa Hajiya Rabi ta rasu a Saudiyya, aka binne ta a Madina. Yanzu ga shi ya bi ta can.

Sai maganarmu. Wasiƙarka ta iso, na ga kana so a sayar da rumfunan Baba a ba kowa nasa. Haƙƙinka ne, Allah ne Ya yanka maka, ba ni da ikon hana ka, kuma ba zan ci kwabon kowa ba, balle na 'yan'uwanmu mata. Abin da nake roƙo shi ne a yi rabon a takarda, a gaban malamai da shaidu, kowa ya san kasonsa, amma a bar jarin a wuri guda. A riƙa fitar da riba duk shekara bayan an cire zakka, littafi a buɗe, duk mai son dubawa ya duba. Wanda bukata ta matsa masa ya sayar wa ɗan'uwansa, kada a kai wa bare. Akwai marayun Yaya guda huɗu da kuɗin makarantarsu daga rumfar tsakiya yake fita, akwai maganin Hajiya, akwai yaran shago da wasunsu tun suna samari suke tare da Baba.

Kada ka ba ni amsa ta waya. Ka daure ka zo da zarar ruwa ya ɗauke, mu zauna gaba ɗaya a ɗakin Hajiya, har da matan da ke gidajen aurensu. In ka ji bayanin ka ga har yanzu rabuwar ce ta fi maka, a yi ta cikin mutunci.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Hajiya ta ce in tuna maka goronta, fari take so, kuma kada ka bari ya sha iska a hanya kamar na bara.

Wassalam,
Yayanka