Tsohon Madugu: A Riƙe Shi Ko A Sallame Shi?

Na san wasu a nan Sabo za su ce me ya haɗa mai sayar da goro da ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita ana ture juna. To, ɗan ƙanena ne ya jawo. Yana tuƙin babbar mota a can yankin Boston, kuma shekara da shekaru in ya bugo waya, bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, sai ya ɗauko min labarin ƙungiyarsa, New England Patriots. Tun ina jinsa don kada ya ce Baffa ya gwale shi, har na zo na gane cewa muhawarar da suke yi a can irin wadda muke yi ce a kasuwa.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne a fili. A cikinsu akwai guda da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi zai duba yadda abokan hamayya suka tsaya, ya yanke shawarar wa zai jefa wa, duk cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, ga ƙarti sun yo kansa. Su suna ce masa kwatabak. Ni madugu nake kiransa, don aikinsa ke nan: in ya ɓata hanya, ayari duka ya ɓata.

A da, madugun Patriots shi ne Tom Brady. A shekarar 2000 suka ɗauke shi, kuma sai da aka zaɓi mutum 198 kafin a zo kansa. A 2001 wanda yake gabansa, Drew Bledsoe, ya ji rauni, aka sa shi, bai sake sauka ba. Ya ci musu babban kofin ƙasar, wato Super Bowl, har sau shida. Amma a Janairun 2020, yana da shekara 42, Tennessee Titans suka fitar da su daga gasa a gidansu, jifansa na ƙarshe ma a hannun abokin hamayya ya faɗa. Nan gari ya rabu biyu.

Ɗan ƙanena yana cikin masu cewa a sallame shi. Ya ce min, “Baffa, kai fa ɗan kasuwa ne. Kayan da ya fara sauka, yanzu ake rabuwa da shi, ba sai ya zama asara ba.” Kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. A wasan nan akwai iyakar kuɗin da aka yarda kowace ƙungiya ta kashe wajen albashi a shekara. A 2020 iyakar ta kusa dala miliyan 200, kuma da ita za a biya 'yan wasa 53. Duk abin da ka ba tsoho, ka rage wa masu kare shi da masu cafe jifansa. Sannan jiki ba ya sanarwa ranar da zai gaza.

Ni kuwa na ce a riƙe shi. Aikin madugu ido ne da kai kafin ƙafa, mutumin da ya yi shekara ashirin yana karanta tsayuwar abokan hamayya ba a sayen irinsa a kasuwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

A watan Maris na 2020 Brady ya bar su ya koma Tampa Bay Buccaneers, kwantiragin shekara biyu a kan dala miliyan 50. A Fabrairun 2021, yana da shekara 43, ya ci kofi na bakwai, suka doke Kansas City Chiefs da 31 da 9. Patriots kuwa a wannan kakar wasa bakwai suka ci, suka sha kashi a tara, ba su ko shiga zagayen neman kofi ba. A 2023 huɗu kacal suka ci cikin goma sha bakwai, a Janairun 2024 suka rabu da kocinsu Bill Belichick.

Mai karatu zai ce ai shi ke nan, Malam ya ci gardama. A'a, a yi haƙuri tukuna, don akwai waɗanda suka sallami tsoho kuma suka ga alheri. San Francisco 49ers sun miƙa Joe Montana ga Kansas City a 1993, bayan ya ci musu kofi huɗu. Wanda ya gaje shi, Steve Young, ya ɗauko musu kofi a farkon 1995. Green Bay Packers sun rabu da Brett Favre a 2008, magajinsa Aaron Rodgers ya ci kofi a 2011. Shi kansa Rodgers da ya tsufa, New York Jets suka ɗauke shi a 2023 da babban buri, yana da shekara 39. Wasan farko, ko minti biyar ba a yi ba, jijiyar diddigensa ta tsinke, kakar ta tafi a banza.

To mene ne bambancin? Young ya yi shekaru yana zaune bayan Montana. Rodgers ya yi shekara uku cur a benci yana kallon Favre. Waɗannan ƙungiyoyi ba su buɗe ƙofa ga tsoho ba sai da suka tabbatar akwai wanda ya nuna a cikin gida. Patriots ma sun taɓa samun nasu, Jimmy Garoppolo, wanda suka ɗauka a 2014. Amma Brady ya ƙi tsufa, kwantiragin yaron ya zo ƙarewa, kuɗin riƙe su biyun ya yi yawa, sai suka tura shi San Francisco a 2017. Ranar da Brady ya tafi, gida babu kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ya sa nake ganin tambayar “shekararsa nawa?” ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce: wa ka tanada, kuma ya isa? In babu, riƙe tsohonka ko da ya fara ja da baya, ka yi maza ka fara rainon wani. In akwai, to kada kunya ta hana ka, don yaron da ya nuna in ka bar shi a benci zai tafi ya amfani wani. Kuma a faɗa wa tsohon gaba da gaba, cikin mutunci, kada ya ji a bakin 'yan jarida.

Maganar nan ba ta yi min nisa ba. Na haura hamsin, ido ya fara neman tabarau kafin in duba littafin bashi. Har yanzu in na taɓa huhun goro na san wanda zai kai Kano lafiya da wanda zai lalace a hanya, kuma masu kawo kaya daga ƙauyukan Yarabawa da ni suka saba, kalmata suke karɓa ba takarda. Wannan yaran shago ba su da shi tukuna. Amma su ne suka iya tura kuɗi ta waya, su ne suke iya kwana a tasha ana lodi. Mun sha gani a unguwar nan, Alhaji ya riƙe makulli har ranar da ya kwanta, ko sunan dillalansa 'ya'ya ba su sani ba, shekara ɗaya shago ya koma hannun wani.

Saboda haka tun bara na fara tura babban yarona sayen kaya shi kaɗai, in ya dawo mu zauna mu kwance huhu ɗaya bayan ɗaya. Na kuma gaya masa, da shi da abokin cinikina na shekara talatin, cewa ranar da suka ga lissafina ya fara kuskure, su same ni su faɗa min. Allah Ya ba ni kunnen ji in ranar ta zo, Ya sa mu gama lafiya.