Wayoyi huɗu da ke tsayar da tirela: yadda nake haɗa na'urar birki a akori-kura

Yau ma maganar waya ce, amma ba wadda ke hannunku ba, wayar wutar mota nake nufi.

A Amurka, inda akori-kura irin su Ford F-150 ke jan ƙananan tireloli na dawakai da kaya, yawancin tirelolin nan birkinsu na lantarki ne. Ba ya kamawa da kansa sai an ɗaura wata 'yar na'ura a ƙasan sitiyari, ita ke faɗa masa lokacin da zai kama da ƙarfin da zai kama. In babu ita, a gangara tirelar ce za ta dinga turo ka.

Wayoyi huɗu ne kacal, amma launinsu na yaudara. Mun saba baƙar waya ita ce ta kan batir mai alamar (-). To a nan baƙar ce mai wuta! Kan (+) take zuwa, ta bi ta bireka mai amfiya 20 ko 30, irin mai dawo da kanta. Fara ce ke zuwa (-), kuma ni kai tsaye nake kai ta batir, ba na yarda da ɗaura ta a wani ƙarfen da na gani kusa. Ka juya waɗannan biyun, na'urar ta ƙone, kuɗinka ya tafi. Shuɗiya ba ta da rigima, bayan mota za ta tafi, soket mai baki 7.

Ja ita ce wadda nake ɓata wa lokaci. Makunnin fitilar birki take nema, can saman fedal, kuma wayoyin wurin sun yi kama da juna. Sai na sa testa: wadda ke kawo wuta idan an taka birki kawai, ta ɗauke in an saki, ita ce. Wadda ke da wuta kullum, in ka haɗa da ita birkin tirela zai riƙe ko ba ka taka komai ba. Gaskiya gara minti goma a kwance ƙarƙashin dashbod da fita titi da zato.

Kafin ka yanka komai dai, leƙa da fitila. Motoci da yawa sun zo da soket ɗin na'urar daga kamfani, sokawa kawai za ka yi.

Wajen saye na fi son irin su Tekonsha Prodigy, masu jin yadda mota ke rage gudu, kamar yadda wayarka ke gane ka karkata ta. Akwai ma Curt Echo da ake saitawa daga waya ta Bluetooth.

Gwaji kuma a fili marar cunkoso nake yi, da gudun kilomita 40. Na danna madannin hannu, in tayoyin tirela sun ƙame suna jan ƙasa na rage ƙarfin kaɗan, in ban ji ta riƙe ni ba na ƙara. Ranar da na loda mata kaya, sai na sake saitin.