Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Sabon Kiɗa da Zane a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Duk lokacin da watan Rabi'ul Awwal ya ƙarato, hankalin mutumin Daura, ko a ina yake, yakan koma gida, domin kuwa a cikin wannan wata ne ake Sallar Gani. Wanda ya halarci bikin a 'yan shekarun nan ya san cewa kiɗa iri biyu ne kunnensa zai sha. Da rana, a ƙofar fada, tambari da kakaki da algaita ne ke tashi a bayan Sarki. Da dare kuwa, a unguwanni da gidajen biki, samari ne da fiyano da lasifika, suna rera waƙoƙin da aka haɗa a ɗakin ɗaukar murya. Sau da yawa mun yi gardama a kan waɗannan samari a wannan sashe namu. Wasu na cewa su ne masu rusa al'ada, wasu kuma na cewa zamani riga ne, kowa da irin tasa.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana ra'ayina a matsayina na ɗan ƙasar Daura, wanda ya tashi yana jin kiɗan biyu. A ganina, ba sabon abu ne ke kashe al'ada ba. Abin da ya kamata mu sa wa ido shi ne bambancin da ke tsakanin gwaji da kwaikwayo.

Gargajiyar Yau Gwajin Jiya Ce

Bari mu soma da kayan fada, waɗanda babu mai musun gargajiyarsu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa kakaki cikin sababbin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya shigo da su. Ke nan akwai ranar da Bahaushe ya fara jin busar kakaki, ya tambayi na kusa da shi ko mene ne wannan. Haka kuma sunan algaita da na tambari duk suna nuna hanyar da suka biyo, wato daga Arewacin Afirka, ta cikin Sahara. Baƙi ne da suka daɗe har suka zama 'yan gari.

Idan kuma muka matso kusa, babu misalin da ya fi na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, aka kuma binne shi a nan Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Kafin Shata, an fi sanin kalangu da mahauta da dandalin 'yan mata. Makaɗan fada suna da taushi da kotso da jauje. Shata ne ya ɗauki kalangu ya shiga da shi gaban sarakuna da gidajen rediyo, ya yi wa manomi waƙa, ya yi wa direba, har kumbon Afolo 11 da Amurkawa suka tura duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Mutumin da muke rubuta kundaye a kansa yau da sunan makaɗin gargajiya, a zamanin ƙuruciyarsa shi ne mai karya ƙa'ida.

Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi da 'yar fata da tsirkiya ɗaya ya yi suna, ba shi da ɗan amshi ko guda. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da kiɗan ƙwarya daga cikin gidajen aure zuwa bainar jama'a. Kowannensu ya ɗauki abin da ya tarar, ya kai shi inda ba a taɓa kai shi ba.

Haka al'amarin yake a fagen zane. Maginan Zariya da Kano na tsakiyar ƙarni na ashirin ba su tsaya ga dagi kaɗai ba, sun riƙa fitar da siffar keke da agogo da mota a fuskar soro, domin su ne abubuwan da idon zamaninsu ke sha'awa. A 1958 kuma wasu ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya da nufin haɗa dabarun da suka koya daga Turawa da zanen iyayensu. Duk wannan gwaji ne, kuma ya haifi ɗa mai ido.

Inda Gwaji Ya Rabu da Kwaikwayo

To, in haka ne, me ya sa kunnen dattijo ke ƙin yawancin kiɗan samarin yau? Shin tsufa ne kawai? Ni ban ɗauka haka ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, aka sami ɗabi'ar ɗauko karin waƙar Indiya ɗungurungum, a cusa masa kalmomin Hausa. Mu ɗaliban harshe mun san illar wannan. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar kuka ta mai hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne kaɗai ya raba su. Idan aka tilasta wa kalma bin karin da ba nata ba, sai ma'ana ta gurɓace, mai sauraro ya ji daɗin sauti amma ya rasa magana. Kalangu kuwa ana matsa shi a hammata ya hau, a sassauta ya sauka, saboda haka yana bin harshe sau da ƙafa, har ya faɗi take a gane. Wannan shi ne sirrin da ya sa sabon abin da Shata ya kawo ya zauna daram: ya sauya wuri da jigo, amma bai saɓa wa harshe ba.

Na taɓa halartar wani biki a wani ƙauye da ke wajen Mai'aduwa, inda na ga abin da ya ƙara mini ƙarfin guiwa. Wani saurayi mai fiyano ne ya zo tare da wani dattijo mai kalangu. Sai ya kashe gangar da ke cikin na'urar gaba ɗaya, ya bar dattijon ya ja gaba, shi kuma yana bin sa a hankali da sauti mai kama da sarewa. Da dattijon ya juya kiɗa, sai yaron ya juya. Tsofaffin mata da suka zauna nesa tun farko, sai ga su sun matso suna guɗa. Ban san sunan da za a ba wannan kiɗa ba, amma na tabbata na Hausa ne, kuma ban taɓa jin irinsa ba. Wannan shi nake kira gwaji. Mai gwaji ya san abin da yake taɓawa, yana kuma iya faɗuwa. Mai kwaikwayo kuwa ba ya faɗuwa, domin bai hau ko'ina ba.

Akwai ma gwajin da baya yake komawa. Malam Mamman Barka na Jamhuriyar Nijar, wanda ya rasu a 2018, makaɗin gurmi ne da ya riga ya yi suna. Duk da haka ya tafi gaɓar Tafkin Cadi ya durƙusa gaban wani tsoho, ya koyi biram, abin kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar da ke gab da ɓacewa, sa'an nan ya kai shi har ƙasashen Turai. Ashe wani lokaci sabon abu yana cikin tsohuwar taska.

Abin da Ke Cikin Haɗari

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta jin daɗin kunne ce kawai. A da, makaɗi ɗaya yana tafe da makaɗa da 'yan amshi da sanƙira, kowa na ci daga sana'ar, kowa kuma na koyo. Ɗan amshin yau shi ne mawaƙin gobe. Yanzu mutum ɗaya da kwamfuta ya wadatar, mai biki kuma ya ga ya fi masa araha ya ɗauko mai sa faifai. Idan amshi ya mutu, makarantar waƙa ce ta rufe. Haka nan mai sassaƙa kurtun kalangu da mai ɗaure fata, in babu mai saye, 'ya'yansu za su kama wata hanya, kuma babu mai ganin laifinsu. Fada za ta riƙe tambari da kakaki, tunda sarauta ba ta hawa sai da su. Amma wa zai riƙe gurmi da garaya da kukuma da duman girke? Waɗannan ba su da uban da ya wuce dandali. In samari ba su sa su cikin sabon kiɗansu ba, to, sai dai jikokinmu su gan su a gidan tarihi.

Abin da Nake Fatan Gani

Ƙasar Daura ba ta rasa lokutan nuna fasaha ba. Ga Gani, ga hawan Sallah da Hawan Magajiya, ga kuma tashe a watan azumi, wanda a ganina shi ne babbar makarantar gwaji ta Bahaushe, inda yaro ke mai da gwangwani ganga, auduga gemu, ya kwaikwayi babba a gabansa, a yi dariya a ba shi sadaka. Mutane kuma suna taruwa daga Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka.

Abin da ya rage shi ne wurin haɗuwa. Ina fatan ranar da, bayan an sauka daga hawan Gani, za a keɓe fili guda da yamma, a gayyaci makaɗan gado da samarin fiyano, da sharaɗi ɗaya tak: kowace waƙa a yi ta nan take, da hannu da baki, ba faifai. A gefe kuma a baje aikin dukawa da masu ɗinkin hula da masu zanen ƙwarya, kusa da na yaran da ke zane da fenti ko da kwamfuta, domin kowa ya ga hannun ɗan'uwansa. Garin da ke da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri ba zai rasa zauren da zai ɗauki wannan taro ba, ba zai kuma rasa matasan da za su tsaya a kansa ba.

Mu ɗaliban Hausa muna da namu rabon aikin. Mun iya nazarin waƙoƙin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amma mukan ɗage hanci ga na raye. Ya kamata mu fita da na'urar ɗaukar magana a hutun da ke tafe, mu zauna da waɗannan samari, mu tambaye su wa ya koya musu, me suke nema, me ya sa suka bar abin da suka bari. Sukar da za ta yi amfani ita ce ta wanda ya saurara, wanda zai iya cewa ga inda kari ya karya kalma, ga kuma inda azanci ya fito.

Kammalawa

A taƙaice dai, al'adar da ta karɓi kakaki daga baƙi, ta kuma bar kalangun mahauta ya shiga fada, ba za ta ji tsoron fiyano ba. Sharaɗin da ta gindaya wa na da shi za ta gindaya wa na yanzu, wato su san harshe, su girmama kari, su kuma bar wa ɗan amshi wurinsa. Yawancin abin da za a gwada zai faɗi, haka kuwa aka saba, don ba kowane makaɗin zamanin Shata ne muke tunawa ba. Amma a cikin masu faɗuwar ne gwani ke fitowa. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya sami hali ya zo Daura a Gani mai zuwa, ya kalli hawa da rana, sa'an nan kada ya yi saurin kwanciya da dare. Hausawa sun ce gani ya kori ji.