Daga Ƙanƙara Zuwa Sabuwa: Dokar Da Ba Ta Iso Bakin Ruwa Ba

A ƙarshen kakar da ta gabata wata hidimar dangi ta kai ni Ƙanƙara. Da na kammala sai na bi hanyar Sheme, wadda gwamnatin Aminu Bello Masari ta taɓa hana motocin haya bi a 2021 saboda ’yan bindiga, na gangaro Mairuwa a ƙaramar hukumar Faskari. Wanda duk ya ji sunan waɗannan garuruwa a yau, daji da fargaba ke faɗo masa a rai. Ba kowa ke tuna cewa akwai ruwa a nan ba, balle masu cin abinci daga gare shi.

A bakin madatsar Mairuwa na tarar da wani dattijo ya baza hajarsa a kan buhu. Gwangwanin madara yake yankawa siffar ɗan kifi, ya goge shi har ya yi ƙyalli, ya ɗaura masa ƙugiya da gashin zabo. Babban kifi kan hango walƙiyar ya zaci abinci ne, ya kai cafka. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, kai da ka yi boko, wai akwai laifi a wannan sana’a tawa? An ce mini wata rana za a kama ni.”

Na ce, “Baba, ba kai doka take nema ba.”

Dokar tarayya mai lamba 108 ta shekarar 1992, wadda ta shafi su a koguna da tafkuna da madatsu, damuwarta ba ƙugiyar da ke ɗaukar kifi ɗaya-ɗaya ba ce. Ta haramta kamun kifi da nakiya ko guba ko lantarki. Ta kuma hana su da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato kimanin inci uku, in ban da wasu nau’o’i da ta keɓe. Hikimar a fili take: a bar ƙananan karfasa da tarwaɗa su tsere, su girma, su hayayyafa.

Kashegari na bi ta Funtuwa da Ɗandume na isa Sabuwa. A kasuwa na ga wani saurayi yana sayar da ragar da ya ɗinka da gidan sauro, irin wadda ko ƙwan kifi ba ya kuɓuce mata. Ya gaya mini gonarsu tana bakin daji, shekara uku ke nan ba su noma ta ba. Da na ambaci doka sai ya yi dariya, ya ce, “Yallaɓai, yau na fara ji.”

Wannan ne ya tsaya mini a rai har na dawo gida. Mai sana’ar da ba ta cutar da kowa yana kwana da tsoro, mai sana’ar da ke share ruwa yana barci da minshari, kuma rashin sani ɗaya ne ya haɗa su. Ban ga laifin saurayin ba kamar yadda na ga laifin shirunmu. Wanda bai san haramcin gidan sauro ba, gobe yunwa na iya kai shi ga zuba magimfa ko maganin ƙwari, alhali ruwan Mairuwa mutanen Funtuwa ke sha.

Maganin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu ana hana su a Matan Fada har ranar biki, kuma jama’a suna kiyayewa, domin daga bakin shugabannin da suka sani umarnin ke fitowa. Ya kamata gwamnatin Katsina ta fassara wannan doka da Hausa, a karanta ta a rediyo, a damƙa ta ga sarakunan ruwa da shugabannin kasuwa, tun kafin a yi maganar kame. Ranar da kifi ya ƙare, masunci da maɗinkin raga tare za su kwana da yunwa.