Ajiya Ce Ta Cinye Hoton Inna

Mai karatu, idan kana da wani abu da kake ji da shi har ka kai ga ɓoye shi a ƙasan akwati, to matso kusa ka ji abin da ya same ni.

Tun ina yaro Allah ya ɗora mini son hoto. Ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Sai a shekarar 1994 na tara ɗan abin da na tara, na shiga kasuwar Sabon Gari a Kano na sayo kyamara ta hannu, ƙirar Pentax K1000, da gilashinta mai lamba 50. Kusan albashina na wata biyu ta lashe, amma ko a jikina.

Wani dattijo mai ɗaukar hoto ne ya raka ni, kuma a ranar na koyi yadda ake sayen tsohuwar kyamara. Ya buɗe bayanta, ya ɗaga ta sama wajen haske ya duba ko labulen ciki ya huje. Ya yi ta harbawa tun daga daƙiƙa ɗaya har zuwa kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, yana kasa kunne. Ya taɓa soson da ke bakin murfin baya ya ji ko ya fara narkewa, don idan ya narke haske zai sata ya shiga ya ƙona fim. Sannan ya cire gilashin ya haska shi da tocila. Ya ce, "Ɗauki, yaro. Wannan jaka ce, ba ta gajiya. Ko batir ya mutu za ta harba, ma'aunin haske kawai ke cin batir. Amma ka riƙa rufe mata ido da murfi, don ba ta da makunni, muddin tana ganin haske tana shan batir."

Duk wannan na riƙe. Abu ɗaya ne bai faɗa mini ba, ni kuma ban tambaya ba: yadda ake ajiye ta.

Wallahi son da na yi wa kyamarar nan ya wuce misali. Tsoron ƙurar hunturu ya sa na sa ta cikin jakarta ta fata, na naɗe da zane, na cusa a ƙasan akwatin ƙarfe, na tura ƙarƙashin gado. Ba ta fitowa sai da Sallah, in je kallon hawan daushe in ɗauki dawakai da 'yan bindiga. Fim ɗaya mai hoto 36 sai ya shekara a ciki, saboda ga kuɗin fim ga kuɗin wanki.

Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Kai ɗan nan, dokin sarki ya fi ni ne? Yaushe za ka ɗauke ni?" Ni kuma in yi dariya in ce, "Inna, bari dai sai Sallah, kin ci ado." Sallah ta zo, in fice da sassafe, kafin in dawo rana ta faɗi. Haka muka yi ta yi shekara huɗu.

Daminar 1998 bangon ɗakina ya sha ruwa, har kayan sawa suka riƙa warin danshi. Ban kawo kyamara a raina ba, ai tana cikin akwati, me zai same ta? Da Ƙaramar Sallah ta zo a watan Janairun 1999, na ce yau kam sai na cika alkawari. Inna ta ɗaura sabuwar atamfa, ta zauna kan tabarma a tsakar gida, jikoki suka kewaye ta. Da na leƙa sai na ga kamar hazo-hazo, na ce ai lokacin hunturu ne. Na harba sau shida.

Da aka wanko hotunan, gabana ya faɗi. Ga Inna nan zaune, amma kamar an ɗauke ta ta bayan hayaƙin murhu. Fuska ba ta fita ba, idanu sun dushe, launin atamfar ya koɗe. Na ce ba komai, Babbar Sallah na nan tafe, sai in sake. Ashe ba za ta gan ta ba. Zazzaɓin kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na kai kyamarar wurin mai gyara. Ya haska tocila ta bayan gilashin ya ce in leƙa. Jama'a, abin da na gani kamar saƙar gizo-gizo, fari fat, ya mamaye ciki. Ya ce, "Malam, funfuna ce. Abu uku take so: danshi, duhu, da wurin da iska ba ta shiga, kai kuwa duk ka haɗa mata. Jakar fata ma riƙe danshi take yi. Ba aiki ne ya kashe gilashin nan ba, ajiya ce." Ya kwance ya goge, amma ta riga ta ci shafen da ke kan gilashin, tabon ba ya fita. Dole na sayi wani.

Gilashi dai an samu wani. Inna fa?

Tun daga ranar na sauya hali. Jakar fata ta tafiya ce kawai. A gida, kyamara na zaune cikin roba mai murfi mai kamawa, tare da 'yan ƙunshin silika irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma ina busar da su lokaci-lokaci don su ma suna ƙoshi da ruwa. Da damina duk mako sai na fito da ita ta sha iska da haske, in harba ta ko babu fim. Idan za ta daɗe a ajiye sai in cire batir, kada ya zubo ya ci ƙarfe. Da hunturu kuwa ba na goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar nan yashi ce, karce take yi. Sai na fara hure ta da 'yar robar busa iska, sannan in shafa da tattausan ƙyalle.

An daina ƙera K1000 tun 1997, amma tawa har gobe tana harbawa. Yanzu kowa da kyamara a wayarsa, ba kuɗin fim ba kuɗin wanki, amma ka tambayi mutum ya nuna maka hoton mahaifiyarsa mai kyau guda ɗaya, sai ka ga yana ta lalube cikin hotunan biki da na abinci.

Hoton nan mai hazo yana rataye a ɗakina. 'Yata ta taɓa tambayata, "Baba, wace ce wannan da ba a ganin fuskarta?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, maganar ta maƙale.

Mai karatu, in tsohuwarka na raye, kada ka jira Sallah. Ka ɗauke ta yau, ko da tsohon zane ne a jikinta. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu cika da imani, amin.